Sunan Babana a Hannun Kawu Sule

Wata takwas na yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Kawu Sule a Germantown. Ba zan yi masa ƙarya ba ko da yake yau ba ma ga-maciji: ya ciyar da ni, ya ba ni rigar sanyi, ya nuna mini yadda ake shiga jirgin ƙasa ba tare da na ɓata ba. Ina faɗin wannan tun farko don kada wani ya ji abin da na yi masa daga baya ya ce na manta alheri. Ban manta ba. Da alherin a raina na yi abin da na yi, kuma ko gobe aka maimaita, wallahi zan sake.

Kawu Sule ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Injiniya ne, ya haura shekara ashirin a Amurka, a masallaci sahun gaba ake ba shi, in ana suna ko ɗaurin aure shi ake miƙa wa lasifika. Ni kuwa Isa, autan Malam Arzika masassaƙi na Illela, abin da na zo da shi daga gida hannuwana ne kawai. Baba turmi yake sassaƙawa da akushi da jikin kalangu, amma abin da aka san shi da shi har cikin Nijar shi ne molo. Tun ina ɗan shekara tara nake riƙe masa gizago. Ya rasu shekara biyu kafin in taso.

Ɗakin nan ba shi da taga. 'Ya'yan Kawu in na gaishe su da Hausa sai su amsa da Turanci su wuce. Na yi wankin mota har yatsuna suka tsattsage don sanyi. Na koma rabon kaya gida-gida, wani Bature ya sako mini kare don na taka masa ciyawa. Akwai ranar da na tsaya kusa da wani wurin gini, iska ta kawo mini ƙanshin katakon da ake yankawa, sai ga hawaye shar. Ƙato da ni, a cikin mota, ina kuka saboda ƙanshin itace.

Rabon kayan ne ya kai ni Beltsville, wani ɗan shagon gyaran jita da ke tsakanin mai wanki da guga da gidan abincin 'yan Habasha. Mai shagon wani tsoho ne baƙar fata, Mista Walta. Na shiga da kwali na tarar da shi yana kokawa da wata jita da wuyanta ya tsage. Ya shafa gam yana neman matsewa da ƙarfe, ni kuwa ina gani in ya matse a wurin nan tsagar ƙara buɗewa za ta yi. Turancina bai kai na bayani ba. Sai na ajiye kwalin, na ɗauki wata igiya da na gani a ƙasa, na naɗe wuyan yadda Baba yake naɗe molo, na cusa ɗan itace na murɗa har tsagar ta haɗe. Tsohon ya duba, ya shafa da yatsa, ya sake dubawa.

"Litinin, ƙarfe tara," in ji shi. Iyakar ganawar da aka yi da ni ke nan kafin a ɗauke ni aiki.

A shagon nan na koyi Turanci, na koyi jita ciki da waje, na kama ɗakina na bar gidan Kawu. A nan kuma aka yi mini gargaɗin da na ƙi ji. Wata rana Mista Walta ya jera jita uku a kan tebur, duk suna ɗaya a kansu, sunan wani Ba'amurke da ya mutu tun kafin a haife ni. Ya ce in kaɗa kowacce. Ta farko daɗi. Ta biyu ta fi ta daɗi nesa ba kusa ba. Ta uku kuwa, kai, gwangwani ya fi ta murya.

Ya yi mini bayani. Ta farko a nan Amurka aka yi ta, mai sunan yana raye. Da ya mutu magada suka sayar wa wani kamfani da sunan, kamfanin ya ba wata masana'anta a Japan lasisin yin jita tana buga shi, ita ce ta biyu. Bayan wasu shekaru aka sake sayar da sunan, sabon mai shi ya janye aikin daga Japan ya kai inda ya fi araha, ita ce ta uku.

"Isa, a ƙasar nan suna kaya ne, kamar mota," in ji shi. "Ana sayar da shi, ana ba da hayarsa. Wanda takarda ta ce nasa ne, to nasa ne."

Na yi dariya na ce a garinmu ba a sayar da suna. Ashe kaina nake yi wa dariya.

Wanda ya yi jita ta biyun nan yana raye. Sunansa Mista Nishida, yana da 'yar masana'anta a wani gari cikin duwatsun Japan, shi da ma'aikata biyar. Tun Mista Walta yana sojan ruwa suka san juna, duk sabuwar shekara suna aika wa juna kati. To ni a lokacin na fara wasa da hannuna bayan an tashi aiki. Na ƙera wata jita mai siririn wuya da ƙaramin ciki, muryarta a bushe take kamar ta molo, irin wadda makaɗan wajenmu ke so. Na yi guda uku. Direbobin Nijar da ke zaune a garin Clinton suka gani a wani taron suna, suka wawashe. Kafin wata biyu mutum tara suna jira.

Mista Walta ya rubuta wa Mista Nishida, na aika da zane da ma'aunin wuyan da na sassaƙa da katako. Ya amsa cewa zai yi goma sha biyu, amma wane suna za a sa a kai? Ban ko yi tunani ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta Arzika da hannuna, na aika. Ya sake tambaya: wane ne Arzika? Na aika masa da hoton Baba guda ɗaya tak da nake da shi, yana zaune a gindin bishiyar bedi da gizago a cinya. Ranar da kwalayen suka iso na buɗe na farko na ga sunan a kan jitar, da rubutuna, sai da na zauna a ƙasa. Mista Walta ya juya baya yana ta gyara abin da bai lalace ba har na gama.

Da aka sayar da goma sha biyun nan, shi ne ya ce in je in yi wa sunan rajista kafin wani ya riga ni. Ana yi ne ta kwamfuta, tambayoyi rututu da Turancin lauyoyi. Wa nake da shi da ya iya wannan in ba Kawu ba?

Lahadi ce, bayan azahar. Matarsa Anti Rabi ta yi tuwo da miyar kuka. Kawu ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin cin abinci yana cike gurabe, ina gefe ina amsa abin da ya tambaya. Can ya tsaya.

"Ga gurbin mai mallakar suna. Wa za a rubuta?"

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da na yi. In kana cin abinci baƙo ya shigo ka ce bismilla, ya ce alhamdu lillahi. In babba ya yaba rigarka ka ce ai taka ce, ya ce Allah ya bar ka da abinka. Tayi ne, ba wanda zai tuɓe maka riga. Ta yaya zan buɗi baki a gaban ƙanen uwata, a gidansa, da tuwonsa a hannuna, in ce sa sunana?

"Haba Kawu, kana zaune zan sa nawa? Sa naka."

Ya ɗago ya dube ni. Ina jira ya ce a'a, naka ne, guminka ne.

"Ka tabbata?"

Kunya ta sa na ƙara zurmawa. "Ai ni da abin duka naka ne."

Na sake jira. Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, yatsunsa a kan kwamfuta.

"To, Allah ya sa albarka," in ji shi.

Na ce amin. Da na faɗa wa Mista Walta ran Litinin, ya ajiye abin da ke hannunsa ya daɗe yana kallona, ya ce in koma yau-yau a gyara. Na ce kawuna ne fa. Ya ce shi ma yana da kawu.

Shekara biyu komai lafiya. Kawu ya zama manaja, shi ke magana da masu shaguna, ni ina duba kowace jita kafin ta fita. Matsalar ita ce Mista Nishida ba ya sauri, goma sha biyu sai ta ɗauke shi wata huɗu. Kawu ya fara ƙorafi. Ya ce ya samu wani ɗan kasuwa da ke da masana'anta a wata ƙasa, za su yi ɗari a mako. Ya nuna mini samfur. Na ƙwanƙwasa cikinta da yatsa na miƙa masa abarsa.

"Kawu, wannan ba jita ba ce."

"Mutane suna suke saya, Isa, ba itace ba."

"Sunan Baba ba zai hau wannan ba ina raye."

Murmushi kawai ya yi. Bayan mako uku wasiƙa ta iso shago daga wani lauya. Mista Walta ya karanta mini, na sa ya maimaita har sau uku. Wai daga ranar in daina sa kalmar Arzika a kan kowane irin kaya, domin mallakar Sule ce, in na ƙi a haɗu a kotu. Ni. Sunan ubana.

Ban san yadda na tuƙa mota zuwa Germantown ba. A bakin ƙofa ya tare ni, ko ka shigo bai ce ba.

"Kai ka ce in sa sunana. Da bakinka, har sau biyu. Rabi shaida ce."

"Tayi na yi maka, Kawu! Kai ma ka san tayi ne!"

"Nan Amurka ce," in ji shi. "Ba a tayi a kan takarda." Ya rufe ƙofa.

Ya ba ɗan kasuwan nan lasisi, jitoci suka fara fitowa a kasuwar yanar gizo, da rubutun hannuna a kansu, an yi masa ruwan zinariya. Na haɗiye. Na ce Allah yana gani. Da a nan abin ya tsaya, ƙila da har yau haɗiyewa nake yi.

Wata Asabar wata mata ta shigo shago da jita a hannu, Bahaushiyar Gana ce, daga zango. Da ta ji ni Bahaushe ne sai ta saki jiki.

"Ɗan'uwa, duba mini wannan. Na ga sunan Hausa ne, shi ya sa na saya wa 'yata. Wata ɗaya ke nan, yatsun yarinya duk sun yanke."

Na karɓa. Wuya ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi sama har ana iya zura yatsa a ƙarƙashinta, ciki katakon akwatin kaya ne an lafta masa fenti mai ƙyalli. Na ce mata gaskiya ba ta gyaruwa. Ta dubi sunan da ke kai, ta buga tsaki.

"Ko wane ne Arzikan nan, Allah ya isa tsakanina da shi."

Ban iya ce mata babana ne ba. Mutumin da in turmi ya tsage bayan shekara biyar sai ya sassaƙa wa mai shi wani kyauta, yana kwance a kabarinsa a Illela, wata baƙuwa a Beltsville tana yi masa Allah ya isa. Na shiga bayan shago. A nan na rantse. Ban rantse zan ƙwato sunan kawai ba, na rantse sai Kawu Sule ya ji a jikinsa.

Na fara da dattawa, don kada a ce ban bi hanya ba. Bayan sallar Juma'a na same su na zayyana musu komai. Suka ce in yi haƙuri. Suka ce shi ya kawo ni ƙasar nan. Wani mai farin gemu ya ce, "To kai ba sai ka zaɓi wani sunan ba? Sunaye sun ƙare ne?"

Na ce, "Baba, a cikinku wa ya taɓa canza sunan ubansa?"

Daga ranar na zama mara kunya. In na yi sallama a ciki-ciki ake amsawa. Oho.

Mista Walta ne ya rufe shago wata Talata, ya sa ni a jirgin ƙasa zuwa cikin Washington, wata jami'a inda ɗaliban lauya da malamarsu ke taimaka wa masu ƙananan sana'o'i kyauta. Malamar, Lauya Karol, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Da na zo kan tayi ta sa na yi mata bayani sau biyu, ta dafe kai. Sannan ta ce akwai hanya. A dokarsu suna na wanda ya fara sa shi a kan kaya ya sayar ne, kuma Kawu ya rantse a takardar rajista cewa shi ne mai shi. In na kawo hujjar cewa ni na fara, za a nemi a soke rajistarsa.

Hujja kuwa ba ni da ita. Goma sha biyun farko hannu da hannu na sayar, ba rasit. Na bi direbobin da suka saya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce takardunsa na zama a ƙasar ba su cika ba, kada in kai shi gaban hukuma. Wancan ya ce Alhaji Sule ne ya ɗaura masa aure. Na fahimce su, amma na ji haushinsu, kuma har yau ina ji.

Ba don ina sa rai ba na rubuta wa Mista Nishida. Mako shida shiru. A na bakwai wani kwali ya iso daga Japan, an naɗe shi da kyau kamar kayan lefe. A ciki ga ma'aunin katakon da na sassaƙa, ya rubuta sunana da ranar da ya iso da tawadarsu. Ga zanena, ga takardar da na rubuta Arzika da hannuna, ga duk wasiƙunmu a jere, ga hotunan jitocin farko. Har da wasiƙar da Kawu ya aika masa a ɓoye yana neman su ci gaba ba da ni ba, da amsar da ya ba shi, layi ɗaya: ba zan yi ba. A sama akwai takardar shaida da ya sa wa hannu, da 'yar wasiƙa da 'yarsa ta fassara. Ya ce shekara arba'in yana yin jita da sunayen mutanen da bai taɓa gani ba, ana sayar da sunayen a kansa ba a ko sanar da shi. Ni kaɗai na taɓa aika masa da fuskar mai suna, kuma hoton yana nan a bangon wurin aikinsu. Mutumin da ban taɓa gani ba, ba addini ɗaya, ba harshe ɗaya. Ga kuma wanda suka sha nono ɗaya da uwata.

An kusa shekara ana musayar takardu. Da lauyan Kawu ya ga abin da ke cikin kwalin nan, shi da kansa ya nemi sulhu. Kawu zai mayar mini da sunan. Ɗan kasuwan ya janye, ya jibge wa Kawu sauran jitocin da ba a sayar ba, sittin da uku, suna wani sito da ya kama haya a Clinton. Lauya Karol ta ce abin da aka saba shi ne a ba shi wata shida ya sayar da su ya huta.

Na ce ko ɗaya ba za ta fita da sunan ba. Za a kankare. Ni zan kankare da hannuna. Shi kuma zai tsaya ya riƙa miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya.

Ta cire tabarau. "Isa, wannan ba shari'a ba ce. Ramuwa ce."

"Ita ce," na ce. "Rubuta."

Ta rubuta, ya sa hannu, don ba shi da zaɓi. Amma ya kira gida. Ana saura kwana biyu a kankare, yayata Hajara ta bugo da safe, can gida kuwa rana ta riga ta yi, ta ce ga Inna.

"Auta."

"Na'am, Inna. Ina wuni?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. "Sule ya ba ka abinka?"

"Ya ba ni."

"To ya isa. Ƙanena ne. Ni na goya shi. Ya yi laifi, na faɗa masa, ya yi kuka. Bar shi ya rufa wa kansa asiri."

"Inna, sunan da ke kanki ba ki taɓa faɗa da bakinki ba don girmamawa, shi ya liƙa a kan shara. An yi wa Baba Allah ya isa a kan idona."

Sai ta ce, "Babanku ya tafi, ba abin da zai same shi. Sule yana raye. In ka tozarta shi, kada ka ƙara kirana."

Kwana biyun nan ko abinci ban iya ci ba. Ba zan ce ban yi tunanin fasawa ba. Amma duk sanda na kusa, sai in ji tsakin matar nan a kunnena.

Ran Asabar da hantsi na isa Clinton. Sitocin a jere suke, ƙofofin ƙarfe masu naɗewa sama. Kawu ya riga ni zuwa, kuma ya zo da dattawa biyu, ciki har da mai farin gemun nan. Na gane dabarar: yana ganin ba zan iya ba a gabansu. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na gaishe shi ma, na tambayi Anti Rabi da yara. Sannan na shimfiɗa tabarma, na fito da wuƙar kankara da samfefa. Ina da injin goge katako a bayan mota, da shi minti ɗaya ya ishi kowace jita. A motar na bar shi.

"Kawu, miƙo."

Ya dubi dattawan. Mai farin gemu ya ce, "Isa, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji, Baba. Kawu, miƙo."

Ya shiga ya buɗe kwali ya fito da ta farko. Na ɗora ta a cinya, na sa wuƙa a kan harafin farko. Fentin yana da kauri, sai an danna. Ruwan zinariyar ya riƙa zubowa gari-gari a kan wandona. Da na gama na goge da samfefa har farin katako ya fito, na jingine ta a bango. Ban ɗaga kai ba.

"Miƙo."

Wallahi daɗi na ji. Ba zan ɓoye ba. Duk sunkuyawar da ya yi ya buɗe kwali, da babbar rigarsa tana jan ƙasa, sai in ji wani abu da ya daɗe a ƙirjina yana saukowa. Masu sitocin kusa suna wucewa suna kallo. Wani ya tambayi Kawu ko shi ne ma'aikacina, ya sunkuya ya buɗe wani kwalin.

Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan roba, mai farin gemu ya ja mu salla a kan kwalaye. Kafaɗata tana gogar ta Kawu. Da aka sallame dattawan suka daɗe suna addu'a da ƙarfi, a kan zumunci, a kan yafiya, ina cewa amin. Aka shafa. Na koma kan tabarmata.

"Miƙo."

A ta arba'in dattawan suka tafi ba sallama. Muka rage mu biyu. Yatsuna sun yi kanta sun fashe, jini yana taɓa katako. Kawu ya daina tafiya da kyau, bayansa ya riƙe, zufa ta jiƙa hularsa. A ta hamsin da biyu ya tsaya da jita a hannu.

"Isa. Ɗana. Ya isa haka."

Na ɗaga kai, karo na farko tun safe. Ya tsufa a yini ɗaya. Kuma da ya langaɓar da kai haka, fuskar Inna na gani sak, har yadda leɓen ƙasa ke rawa. Na san in na karɓi jitar nan akwai abin da na yanke wanda gam ba ya haɗawa.

Na miƙa hannu.

"Saura goma sha ɗaya bayan wannan, Kawu."

Da la'asar sakaliya na gama. Na tattara garin fentin a leda don kada ko shi in bar masa. Na ce masa jitocin nasa ne, ya sa musu sunan da ya ga dama, har nasa in yana so. Na bar shi zaune a kan kwali.

Yanzu takardar rajista tana rataye a shago, da sunana a gurbin mai mallaka. Mista Nishida ya aiko da sababbi goma sha biyu, na duba kowacce da hannuna, ba wadda Baba zai ji kunyarta. Matar nan ta Gana na nemo ta na ba 'yarta ɗaya, na faɗa mata wane ne Arzika, ta janye maganarta har da hawaye.

Inna kuwa wata bakwai ke nan ba ta ɗauki wayata ba. Duk Juma'a in na fito daga masallaci sai in zauna a mota in kira. Tana shiga, tana ta ƙara har ta tsinke. Hajara ta ce ba kashewa take yi ba, ba kuma ajiyewa take yi ba. A tafin hannu take riƙe wayar tana kallon sunana har ta yi shiru, sannan ta tura ta ƙarƙashin filo.

Hajara ta ce kalma ɗaya ake jira, in je Germantown in ce wa Kawu ya yafe mini, a ranar Inna za ta ɗauka. Daga Beltsville tafiyar ba ta kai awa guda ba. Na san hanyar, ko ido rufe zan je.

Ba zan je ba. Ran Juma'a zan sake kira.